Aikin Mutum Biyu

Kafa eriyar talabijin aikin mutum biyu ne. Duk wanda ya ce maka shi kaɗai ya kafa tasa, to ka tambaye shi irin zaryar da ya sha. Ɗaya yana waje ya rungumi gorar da aka ɗaura eriyar a bisanta yana murzawa a hankali, ɗaya yana ɗaki ya zuba wa akwatin ido yana faɗin abin da ya gani. Na waje ba ya ganin komai sai bango, na ciki kuma hannunsa ba ya kaiwa ga komai. A gidana ni ne na waje, matata ce ta ciki, kuma haka muka raba aikin tun makon da aka kawo mini ita amarya, a Salaga.

Ni ma'aikacin duba lafiyar shanu ne. Ba likita ba ne ni, allura nake yi, in duba baki da kofato, in ce wannan a yanka wannan kada a kuskura. Amma duk garin da na zauna Dokta ake ce mini, na gaji da gyarawa na bari. Ni da ita duk 'yan Salaga ne, jikokin fataken goro da suka zo suka sauke kaya suka ƙi komawa. Sai dai gidansu ya fi namu riƙon Hausa. A gidansu in kana maganar mace ka ce "ya tafi", kakarta sai ta ajiye abin da take yi ta tambaye ka wane namiji ne ya tafi. Matata ta gaji wannan hali kaf. Ko a tsakiyar faɗa muke, in harshena ya zame irin na 'yan kasuwa, sai ta dakata ta gyara mini, sannan a ci gaba da faɗan.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya sa aikin eriya ya zama namu mu biyu. A sauran gidaje akwai waɗanda ake turawa, maigida yana kishingiɗe yana ba da umarni. A namu babu wanda za a tura.

Mahaifina ne ya koya mini inda ake nufa da bakin eriya. Ya ce in tsaya kamar zan tayar da salla, in miƙe hannun hagu, inda yatsuna suka nuna nan ne Tamale, can ne dogon ƙarfen da ke watso hoton yake. A Salaga wannan dabara ba ta taɓa ba ni kunya ba. Hoton lokacin kuwa na da ne, mai yayyafi. In gorar ta ɗan kauce sai allon ya cika da ɗige-ɗige fari da baƙi, mu muna ce musu shinkafa. Amma ko a cikin shinkafar kana hango mai karanta labarai kamar wanda ke tsaye a bayan labule, muryarsa tana nutsewa tana tasowa. Mutum yana iya haƙuri da hakan har ya manta akwai abin da ya fi shi.

Iskar da ke zuwa gaban hadari ita ce babbar abokiyar gabarmu. Da ta buga ta wuce sai in tuɓe riga in zaga bayan ɗaki, ita kuma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta buɗe taga. Daga nan sai in riƙa jin saura kaɗan, ka wuce, dawo, a'a ba ta nan ba, ta hannun da kake cin tuwo. Can sai ta ja muryar nan tata, doguwa, har maƙwabta suna ji, ta ce, "Ya zo!" Takan ƙara da cewa kada in kuskura in yi numfashi sai na ɗaure. In ɗaure da robar da na yanko daga tsohuwar tayar keke, in tokare gindin da dutse, in shigo ina mitar sauro da ƙaiƙayin gora. Ranar da ake labarai da Hausa kuwa ba a jin labaran, don daga farko har ƙarshe gyara wa mai karantawa take yi. Mita dai nake, amma gaskiyar magana ina son aikin nan. Na san duk inda na murza akwai mai kallo dominna.

Aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Yendi. Muka ɗaure kaya har da gorar, don ta ce ta saba da ita. Ranar da muka kafa ta a sabon gida na tsaya na fuskanci alƙibla, na miƙe hannun hagu da cikakken ƙarfin gwiwa, na nufi eriyar can. Shinkafa zalla. Na yi ta murzawa a ɓangaren nan har gumi ya wanke ni. Wani dattijo maƙwabcinmu, ɗan Dagomba, yana zaune gindin darbejiya yana kallona. Da ya gaji da kallo ya taso ya tambaye ni da Hausarsa mai nauyi wane gari nake nema. Na ce Tamale. Ya kama kafaɗuna ya juya ni, ya nuna mini mafaɗar rana. Ashe a Yendi Tamale tana bayan mai salla ne. Matata ta yi dariya har ta zame ta zauna a ƙasa, ta yi mako tana tambayata yaya aka yi Tamale ba ta biyo hannuna ba.

A Yendi sabon tsarin ya same mu. Aka yi ta sanarwa cewa hoto mai yayyafi ya kusa ƙarewa, kowa ya nemi dikoda, wani ɗan baƙin akwati da ake jonawa tsakanin eriya da talabijin. Eriyar dai ita ce, gorar ma ita ce, dogon ƙarfen ma nan ƙasa yake tsaye kamar da, abin da yake aikowa ne ya sauya. Ranar da na jona ta, wallahi mun ga abin mamaki. Ga mai karanta labarai nan tar, har zaren ɗinkin wuyan rigarsa kana gani. Matata ta matsa kusa ta ƙura ido ta ce ashe mutumin nan furfura gare shi, shekara da shekaru muna tsammanin shinkafa ce. Tashoshi suka ƙaru, har muna rasa wadda za mu tsaya a kanta.

Amma sabon hoton ba shi da mutunci. Na da yana lallaɓawa, ya zo maka ko da rabi-rabi ne. Wannan kuwa ko ya zo duka ko ya ƙi duka. Kana cikin kallo sai fuskar mutum ta farfashe gida-gida, bakinsa ya tsaya a buɗe, muryar ta sarƙe, sai allo ya yi baƙi ƙirin, wani ɗan rubutun Turanci ya fito yana yawo daga kusurwa zuwa kusurwa wai babu sigina. Ga jinkiri kuma. Sai ka kai daidai wurin ka ɗan jima sannan hoton ya ga dama ya bayyana, saboda haka kafin ta ce ya zo ni na riga na wuce. Mun sha cacar baki a kan wannan, ni ina cewa gyangyaɗi take yi a ciki, ita tana cewa tuƙa gorar nake kamar tuwo. Daga baya ita ta gano maganin abin. In murza kaɗan, in tsaya, in jira. Ita kuma ta buɗe shafin da ke nuna wata koriyar sanda mai hawa da sauka, tana faɗa mini ta hau ko ta sauka. Da haka muka sake iya aikinmu.

Aikina a Yendi na yawo ne, daga ruga zuwa ƙauye, wani lokaci can nake kwana. Ita kuwa Dagbancinta, wato yaren mutanen garin, bai wuce gaisuwa ba. Matan gidan mutanen kirki ne, sukan aiko mata da kwanon wasa-wasa, wani abincinsu na garin doya, a gaisa, a yi murmushi, daga nan magana ta ƙare. A Salaga ba ta rasa mai shigowa, ga 'yan uwa ga ƙawaye, har sai na kori wasu da ido. A Yendi talabijin ce take yi mata hira tun safe.

Wata rana da damina na dawo da la'asar na tarar da ita zaune gaban baƙin allo, rubutun nan yana yawonsa. Silifas ɗinta sun yi kaca-kaca da laka, daga bakin ƙofa zuwa bayan ɗaki kuma sawunta ya yi hanya. Iska ce ta juya gorar tun jiya. Ta ce tun hantsi take fita ta murza, ta dawo ta duba, ta sake fita. Da a ce hoton da ne, in ji ta, da ko muryar ta samu ta yi maneji. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan aikin ba na mutum ɗaya ba ne." Na ce ai ga ni na dawo, na tuɓe riga na zaga, nan da nan muka samo shi. Ta ce ya zo, amma ba ta ja muryar ba.

Da canji ya sake fitowa, wannan karon zuwa Bawku, mahaifiyarta tana kwance ba lafiya a Salaga. Muka yi shawara ta je ta yi jinya, in tsohuwa ta samu sauƙi ta biyo ni. Ita ta naɗe mini wayar eriya da hannunta, ta nannaɗe dikoda cikin zane don kada ta bugu. Gorar ce kawai muka bari, direba ya ce ba zai ɗauka ba, tafiyar da nisa. Muka rabu a tasha. Motarta ta yi kudu, tawa ta yi Tamale, daga nan Bolgatanga, Zebilla, har Bawku.

Na samu ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da albasa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna kudu. Mma nake ce mata, ita kuma ta ce mini Dokta. Hausa ba harshen gidansu ba ne, a kasuwa ta tsince ta, irin Hausar da kowa ke ciniki da ita a Bawku, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. A bakin Mma kowa "ya" ne. Akuya ya haifu, ɗiyana ya yi aure. Ranar da ta ce mini maƙwabcinmu ya tafi asibiti cikinsa ya tsufa, sai da na ajiye kofin koko na dube ta. Na riƙa hango ranar da matata za ta zo su haɗu, yadda za ta cije leɓe don ladabi ya hana ta gyara wa babba. Har ajiye wasu maganganun Mma nake yi a raina don in ba ta labari.

Kullum da safe in na fito wanke baki tambayarta ɗaya ce.

"Dokta, matanka bai zo ba?"

In ce, "Ba ta zo ba tukuna, Mma," ina danna "ta" ɗin nan da ƙarfi ko za ta ɗauka. Ko a jikinta.

Na sayi sabuwar gora na kafa a wani lungu bayan ɗakina, tsakanin bango da katanga. Wannan karon ban miƙe hannun hagu ba, na san in na miƙe Burkina zan nuna. Tambaya na yi. Wani ya ce Bolgatanga, wani ya ce a'a, an kafa sabon ƙarfe nan kusa, wani ya ce in bi inda na maƙwabta suka kalla. Na ɗaga kai na duba rufin unguwa, kowace eriya da inda ta sa gaba. To, sai zarya. In murza, in zago ta lungu, in leƙa, baƙi, in koma. Na ƙure muryar akwatin don in ji daga waje, sai ga shi kafin sautin ya iso na wuce wurin. Na jingina madubi a taga, ban ga komai ba sai fuskata tana gumi. A ranar na tuna sawun nan na cikin laka a Yendi, na zauna a bakin ƙofa na daɗe.

Da ƙyar na samu wani wuri da tasha ɗaya ko biyu suke zuwa suna in'ina. Na ɗaure gorar sako-sako da roba na ce ta zauna haka, in matata ta zo mu nemi ainihin wurin tare, sannan in ɗaure ta da gaske. Abokan aiki suka yi ta mini tsiya, wai in sayi farantin satalayit kamar kowa, a kafa mini sau ɗaya in huta. Na ce ba na son tashoshin waje. Ba shi ne dalilin ba, faranti ba ya buƙatar kowa a taga, shi ya sa na ƙi shi.

Bawku gari ne mai daɗin kasuwa, ga zabi ga albasa ga shanu daga kowace kusurwa. Amma akwai lokutan da zaman garin yakan yi ɗar-ɗar, a ce kowa ya shige gida da wuri. Babu zaman shayi, babu hira a bakin masallaci. Mma takan ja ƙofarta tun rana ba ta gama faɗuwa ba. Sai in zauna da tuwon da na sayo a leda, in kunna akwatin, in kuwa iska ta taɓa gorar ranar to daga ni sai ɗan rubutun nan, ina bin sa da ido har ya bugi kusurwa ya dawo. Ba zan ɓoye ba, kaɗaici ya ci ni a Bawku. Na kai ga in na shigo ɗaki ina yi wa akwatin sallama. Akwai wata yamma da na kira matata a waya ina rungume da gorar, na ce don Allah ta ce mini saura kaɗan ko sau ɗaya. Ta ce ita ba ta ganin komai daga can, ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba.

Surukata ba ta tashi daga ciwon nan ba. Na je Salaga ta'aziyya na tarar da gidan cike, ƙannen matata da matan 'yan uwa kowa ita yake nema. Ta ce in bari a yi sadakar arba'in. Aka yi. Sai ta ce rumfar doyar mahaifiyarta babu mai kula da ita, in bari sabuwar doya ta fito ta sallami masu kawowa. Sabuwar doya ta fito har ta tsufa. Sai aka koma bayan Salla. Ba mu yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba, ni ma ban furta komai ba, kowace Juma'a muna waya muna gaisawa cikin mutunci. A bayan muryarta ina jin hayaniyar kasuwar Salaga, ana kiranta tana amsawa da wata irin sakewa da rabon in ji ta da ita tun muna sabon aure. Kafin mu ajiye takan tambaya ko hoto ya zo, in ce yana jiranta, gorar ma ban ɗaure ba. Sai ta ɗan yi dariya ta ce in gaida Mma. Abin da nake tsoro, wanda na kasa tambaya, shi ne ko akwai sauran aure a tsakaninmu ko dai gaisuwar ce kawai ta rage.

Farkon damina, wata Juma'a, ita da kanta ta ce Lahadi tana tafe. Za ta kama motar asuba zuwa Tamale, ta canza, in Allah ya yarda kafin magariba tana Bawku. Tabɗi! Ranar Asabar na share ɗaki har ƙarƙashin gado, na wanke labule, na je aka yi mini aski, na sayo zabuwa na ba Mma ta soya. Da yamma kuma hadari ya taso, iska ta yi wa gorar wani juyi har bakin eriya ya koma yana kallon Togo. Lahadi da safe na kunna, baƙi ƙirin.

Na ce ba zai yiwu ta shigo ta tarar da baƙin allo irin na Yendi ba. Ko tasha ɗaya ce, ta dai tarar da murya a ɗakin, sauran mu nema tare. Bayan la'asar, a karo na farko, na roƙi Mma ta zauna mini a ciki. Na buɗe taga, na nuna mata akwatin, na ce in ta ga mutane sun fito ta kira ni. Na kuma ce ta sa kunne ga ƙofar gida, don daga lungun nan ba a ganin mai shigowa. Na gwada wayar matata ba ta shiga, na ce ai hanyar nan haka take, akwai wuraren da waya ba ta kamawa.

Na zaga na rungumi gorar. In murza kaɗan, in tsaya, in jira, yadda ta koya mini. Mma ba ta san saura kaɗan ba, ba ta san ka wuce ba, shiru kawai take ba ni. Hannuna yana kan gora, kunnena yana titi. Can na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a waje, na ji ana sauke kaya, na ji muryar mace tana magana da direba. Ban gama sauraro ba sai Mma ta tafa hannu ta ƙwala kira ta taga.

"Dokta! Ya zo! Ya zo!"

To ka duba fa. Ni ɗan Salaga, mijin matar da na aura, da a Yendi na ji kalmar nan da ƙanƙame gorar zan yi in daina numfashi. Amma kowace safiya Mma tana tambayata ko matana bai zo ba, har kunnena ya koyi Hausarta ban sani ba. Na saki gorar. Na ji tana juyawa a bayana, ban waiwaya ba. Na yi tuntuɓe da bokiti a lungu, na goge hannu a wando, da na kusa kwanar ɗakin na rage sauri na gyara hula, don kada ta ga dattijo yana gudu ta samu abin tsokana na shekara guda.

Tsakar gida babu kowa sai kaji. Na ce ta riga ta shige ciki ke nan. Na ɗaga labule da sallama. Mma ce zaune ita kaɗai a kan kujera, ta riƙe rimot da hannu biyu, allo baƙi, rubutun yana yawo.

Na ce, "Ina take?"

Ta ce, "Ya zo, ya tafi. Kai ka saki ne?"

Sai ta dubi fuskata da kyau, ta dubi hular da na gyara. Ta ajiye rimot a hankali ta sa hannu ta rufe baki. "Hoto ne, Dokta," in ji ta. "Hoto na ce." Na fita na leƙa ƙofar gida, gawayi ake sauke wa maƙwabta.

Na zauna nan bakin ƙofa har aka kira magariba. Ina idar da salla wayar matata ta shigo. Tana Salaga. Ta ce ta je tasha da jakarta tun asuba, ta zauna a benci, motar ta cika tana kallo, ta tashi tana kallo, sannan ta ɗauki jakar ta koma gida ta kashe waya. Sai na ji bakina yana ba ta labarin Mma da gora da bokiti. Ta yi dariya irin wadda ta yi ranar hannun hagu, har tana tari, ni ma ina taya ta. Can dariyar ta karye. Ina jin matan gidansu suna kwashe kwanuka.

Ta ce, "Malam, na gaji da zaman taga. A nan in na yi magana ana amsa mini." Ta ja numfashi. "Ka ɗaure gorar nan. Ka ɗaure ta da kyau."

Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Maganganu sun zo mini baki masu zafi, na haɗiye su. Har yau ban ga laifinta ba, ban kuma ga nawa ba. Ni ban zaɓi inda ake tura ni ba, ita ma mutum ce mai son a amsa mata. Na ce to. Mma ta fito da zabuwar a rufe da faifai, muka ci tare a tsakar gida.

Washegari na biya kasuwa na sayo waya mai kauri da ƙusoshi da ɗan siminti a leda. Bayan la'asar na sake roƙon Mma ta zauna mini. Na zaga, na murza, na tsaya, na jira. Da ya bayyana ba ta tafa ba, ba ta kuma faɗi kalmar jiya ba. Ta matso bakin taga ta ce a hankali, "Hoto, Dokta. Hoto." Na danne gorar da kafaɗa, na zagaye ta da waya sama da ƙasa, na buga ƙusoshi a bango, na kwaɓa siminti na zuba a gindin.

Bayan 'yan watanni manya suka zauna a Salaga aka raba auren, ba tare da an ɗaga murya ba. Muna gaisawa da Salla, kuma har yanzu in harshena ya zame tana gyara mini. Hoton kuwa tar yake zuwa, duk tashoshin, ko an yi iskar da ke ɗaga kwanon rufi. Mma ta daina tambayata da safe, ina kwana kawai take cewa ta wuce. Ni kuma tun ranar ban sake samun dalilin zagawa bayan ɗakin ba.